Rajista ta ce 74, ƙidaya ta ce 58: yaya zan yi da tsofaffin kwamfutocin ofishinmu?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Nima, ina aiki a wani kamfani mai fito wa 'yan kasuwa kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, babban ofishinmu kuma yana nan Accra. Ni nake riƙe da rajistar kayan ofis a Excel, na gaje ta ne daga wanda ya bar aikin kafin zuwana. Kwanan nan masu odit suka zo. Rajista ta ce muna da kwamfuta 74, amma da aka ƙirga, har da matattun da ke jibge a sito, 58 aka samu. A cikin na siton ma akwai guda biyar da babu su a rajista sam.

Yanzu Alhaji mai kamfanin ya sayo sababbi, tunda an ce Windows 10 ya ƙare. Yana so a share siton kafin ƙarshen wata: masu ɗan dama-dama a raba wa ma'aikata, wasu a kai sadaka makarantar Islamiyya ta unguwarsu, sauran a kira 'yan kondem, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su kwashe. Yaron da ke zuwa yi mana gyara ya ce zai yi musu fomat duka a rana ɗaya. Abokin aikina kuma ya ce in goge layi 16 lissafi ya daidaita, kowa ya huta. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah Malam, ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya. Kada ki goge ko layi ɗaya, yau ko gobe.

Kafin mu yi nisa, sake duba lissafin nan. An samu 58, amma biyar daga cikinsu ba sa rajista. Ke nan waɗanda suka dace da rajista 53 ne kawai, waɗanda ba a gani ba kuwa 21 ne, ba 16 ba. Da kin bi shawarar abokin aikinki, jimillar ƙasan shafi za ta zo daidai, ciki kuwa a hargitse. Waɗanne 16 za ki zaɓa ki goge, kuma da wace hujja? Mai odit da ya san aikinsa ba ya tsayawa a jimilla. Zai ɗaga laftof guda, ya juya bayanta, ya karanta lamba, ya ce a nuna masa ita a rajista. Yana kuma riƙe da kwafin rajistar da kika ba shi wancan zuwan. A yanzu matsalar gado ce, babu mai ɗora miki ita. Ranar da kika goge layi da hannunki, ta zama taki.

Dubi mai shago a kasuwar Nima da littafinsa na bashi. In mutum ya biya, ba ya yage shafin. Yakan ja layi a kai, ya rubuta ranar da aka biya da wanda ya kawo kuɗin, don ko bayan shekara aka tada magana, shafin na nan. Haka rajistar kadara take. Kwamfuta na iya barin kamfani, layinta ba ya barin rajista, matsayinsa ne yake canjawa. Saboda haka ki ajiye kwafin fayil ɗin yadda kika same shi, da kwanan wata a sunansa, kada a ƙara taɓa shi. A sabon kwafi ki buɗe gurbi mai suna "matsayi". Kowace kwamfuta ko dai tana aiki, ko tana sito, ko tana jiran a goge bayananta, ko an goge, ko ta fita, ko kuma ba a gan ta ba. Kusa da shi ki sa ranar da matsayin ya canja, da wanda ya ba da izini, da lambar takardar shaida.

Abu na biyu shi ne ki je wurin Alhaji yau. Ki gaya masa cikin ladabi cewa nufinsa na alheri ne kuma za a cika shi, amma a ba ki mako biyu ko uku, kada ko linzamin kwamfuta ya fita. A sauya kwaɗon siton, makulli ya zauna a hannu ɗaya. Na daɗe ina wannan aikin, kuma kusan duk inda na ga kwamfuta ta ɓace daga lissafi, tsakanin tebur da bakin ƙofa abin ya faru. Tana kan tebur, akwai mai ita, akwai mai neman ta in ta ɓace. Da zarar an ce ta tsufa a kai ta sito, ta zama marainiya. Wannan ya zare mata RAM ya ƙara wa tasa, wancan ya ari cajarta, mai gyara ya cire faifanta na ajiyar bayanai ya sa wa wata, babu wanda ya rubuta, don kowa gani yake ai ta riga ta mutu.

Sai ƙidaya. Ki yi ta hanya biyu, kuma ku biyu, ke da wani daga sashen kuɗi. Ku fara daga kaya zuwa rajista: duk abin da kuka taɓa da hannu, ku neme shi a littafi. Sannan daga rajista zuwa kaya: duk layin da ke littafi, a nuna muku abinsa. Hanya ta farko ita ke kamo irin biyar ɗin nan da ba su da layi, ta biyu kuma ita ke fito da 21 ɗin da ba su da jiki.

Abin da za ku dogara da shi shi ne lambar siriyal ta masana'anta. "HP baƙa ta wurin Hajiya" ba shaida ba ce, HP baƙa sun fi a ƙirga, Hajiya kuma tana iya komawa reshen Tema. Sitikar kamfani ma tana ɓarewa. A laftof lambar tana ƙasa, a wasu tsofaffi tana ƙarƙashin batir, a ta tebur kuma tana gefe ko bayan akwatin. Ta Dell gajera ce, baƙaƙe da lambobi bakwai, ta HP yawanci goma. Za ki tarar da wasu zafin injin da gogar tebur sun cinye rubutun, sai ɗan farin tabo. In kwamfutar tana tashi, a shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa tun kafin Windows ya tashi, a karanta, ko a buɗe PowerShell, tagar rubuta umarni ta Windows, a rubuta Get-CimInstance Win32_BIOS, lambar za ta fito. Waɗanda aka harhaɗa a nan gida sau da yawa ba su da lamba a ciki, sai ki ba su ta kamfani, ki rubuta da alƙalamin da ba ya gogewa a cikin akwatin da wajensa. Ki ɗauki hoton kowace lamba da waya. A nan ne ake rikita sifili da O, takwas da B, biyar da S, kuma harafi ɗaya in ya kauce, kwamfuta ɗaya ta zama biyu a rajista: ɗaya ta ɓace, ɗaya baƙuwa. Ba zan yi mamaki ba in wasu daga cikin biyar ɗinki su ne wasu daga cikin 21 ɗin, hannun marubuci ne kawai ya raba su. Sauran wataƙila hom-yus ne, wato na hannu daga ƙasar waje, da aka saya a Tip Toe Lane, layin masu sayar da kayan lantarki a Circle, da kuɗin kashewa na yau da kullum ranar da wata ta mutu ana tsakiyar aiki, rasit ya shige aljihun direba, rajista ba ta taɓa jin labari ba.

Waɗanda suka rage ba a gani ba, kada ki yi saurin cewa sata ce. Akwai wuraren da kwamfuta ke barin sawu. Manhajar riga-kafin bairos, in ta kamfani ce mai shafin kulawa, tana nuna sunan kowace na'ura da ranar da ta hau intanet ta ƙarshe. In kuna amfani da Microsoft 365 ko saba, wato babbar kwamfutar da ma'aikata ke shiga da kalmar sirri, can ma akwai jerin na'urori. Ki karɓi sunayen waɗanda suka bar aiki daga sashen ma'aikata, ki ga wa ya mayar da laftof, wa ya tafi da ita. Ki tambayi shagon mai gyara abin da aka kai masa ba a karɓo ba. Ki leƙa reshen Tema, da gidan Alhaji, da wurin 'ya'yansa da ke jami'a, domin a kamfanonin iyali nan ne laftof ta fi zuwa hutawa, kuma ba laifi ba ne in an rubuta. Bayan wannan, abin da ya gagara, sai ki rubuta takarda guda: ga lambobinsu, ga inda aka nema, ga wanda aka gan su a hannunsa na ƙarshe. Alhaji ko manaja ya sa hannu cewa a cire su daga kadarorin da ke aiki. Matsayinsu ya koma "ba a gani ba, an rufe da izini", da lambar takardar. Inda ta tabbata sata ce, a kai rahoto ga 'yan sanda a karɓo takarda, kamfanin inshora ma ita zai nema. Mai odit yana karɓar ɓata da aka bayyana aka sa wa hannu. Ɓoyewa ce ba ya yafewa.

Yanzu ga inda nake so ki fi ba ni hankalinki, wato maganar fomat.

Tsohuwar kwamfutar da ke sitonku, in an kai ta Circle, ƙila ba za ta yi wani kuɗin kirki ba. Abin da ke cikin faifanta shi ne mai tsada. Ku masu fito da kaya ne. A cikin faifan nan akwai hotunan Ghana Card da fasfo na kwastomomi, takardun jigilar kaya, rasitan da ke nuna nawa kowane ɗan kasuwa ya sayo kayansa da wurin wa, albashin ma'aikata da lambobinsu na asusun fansho, SSNIT, da kalmomin sirri da burauza ta haddace, na imel, na banki, har na shiga ICUMS, shafin kwastam na fito da kaya. Ɗan kasuwar da ya ba ku takardunsa amana ya ba ku. Fomat na gaggawa, irin wanda ake gama kwamfuta ashirin da shi a rana ɗaya, jerin sunayen fayiloli kawai yake sharewa. Fayilolin suna nan kwance, kuma manhajar dawo da su kyauta ake sauke ta. Yaron da ya iya gyaran waya ma zai iya.

Wannan ba tsoratarwa ba ce, a ƙasar nan aka gani. A shekarar 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Jami'ar British Columbia ta Kanada suka zo Ghana bincike kan sharar kayan lantarki. Suka sayi faifan ajiya a kasuwa kan dala 40. Da aka buɗe, sai ga takardun kwangilolin tsaro tsakanin kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka. Bayanin da kamfanin ya yi shi ne yana ganin an sace faifan ne bayan ya miƙa kwamfutar ga waɗanda ke kwashe masa tsofaffin kaya. Ki lura da wurin da abin ya tsinke: bayan an miƙa. A littafinsu kwamfutar ta fita lafiya, faifan kuwa ya kama tasa hanyar har ya ƙetare teku.

Shi ya sa nake cewa faifai ya samu nasa gurbi a rajista. Yana da tasa lambar siriyal, daban da ta kwamfutar. Lokacin ƙidaya a buɗe kowace ta sito a duba. Za ki ga wata an kwance murfi, sai ramin faifai fayau, igiyarsa na reto, ƙura ta kwanta a wurin alamar an daɗe da cirewa. Irin wannan ki rubuta "babu faifai" da ranar da aka gani, ki bi sawunsa kamar yadda kika bi na kwamfutar da ta ɓace, don shi ne ainihin abin da ya ɓace.

Doka ma ba ta bar wannan ga ganin damarmu ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, wadda ta kafa Hukumar Kare Bayanai, ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ta kuma ce in za a share su, a share ta yadda ba za a iya sake haɗa su a karanta ba. Ta ce kuma in akwai dalilin zaton cewa bayanan sun faɗa hannun wanda bai da izini, a sanar da hukumar da mutanen da abin ya shafa. Saboda haka in ya tabbata cikin 21 ɗin nan akwai wadda aka sace da bayanan kwastomomi a ciki ba a kulle ba, maganar ta wuce teburinki, ta zama ta Alhaji da lauyan kamfani, kuma ki kai musu ita a rubuce.

To yaya ake gogewa ta gaskiya? Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce ta hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, mai lamba 800-88. Ta kasa aikin hawa uku: a rubuce faifan gaba ɗaya da wasu bayanai, ko a yi amfani da umarnin sharewa da ke gine a cikin faifan, ko a lalata shi ɗungurungum. Tsohon faifai mai juyawa, in yana da lafiya, a rubuce shi da sifili tun daga farko har ƙarshe. Zagaye ɗaya ya isa, ba sai bakwai ba kamar yadda wasu ke cewa, amma yana cin sa'o'i, kuma a duba bayan an gama a tabbatar. SSD, sabon nau'in faifai da ba ya juyawa, daban yake. Yana rarraba rubutu a wuraren da manhajar gogewa ba ta kaiwa, don haka tsofaffin manhajoji irin DBAN ba su dace da shi ba, maganaɗisu ma ba ya yi masa komai. Shi sai umarnin sharewa na masana'antarsa, wanda ake samu a BIOS na kwamfutoci da yawa ko a manhajar kamfanin da ya ƙera shi. In dama an kulle faifan da BitLocker, makullin bayanai na Windows, tun farko, aikin ya zo da sauƙi ƙwarai, kuma ina roƙonki ki sa a kunna shi a sababbin nan tun kafin a raba su. Faifan da ya mutu, ba ya karɓar umarni, kada a ce ai ya mutu a bar shi ya tafi. A huda shi da injin huda wuri uku ko huɗu ta kan farantan da ke ciki. In SSD ne, a farfasa ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke kan allonsa ɗaya bayan ɗaya, don huda guda na iya wucewa ta tsakaninsu.

Yaron nan mai gyara zai iya duk wannan, ba na cewa a kore shi. Amma a ofis zai yi, a gabanki, ba a shagonsa ba, kuma kowane faifai da takardarsa: lambar kwamfuta, lambar faifai, hanyar da aka bi, rana, sa hannunsa da na shaida. Kafin ya taɓa komai kuma, a kwashe abin da kamfani ke buƙata. Dokar gudanar da haraji ta 2016, mai lamba 915, tana so a ajiye takardun haraji aƙalla shekara shida. Na sha ganin lissafin shekaru yana zaune a kwamfuta ɗaya tak ta tsohon akanta, babu kwafi a ko'ina. Shugaban kowane sashe ya duba, ya sa hannu cewa an kwashe nasa, sannan a goge.

Akwai kuma igiyoyin da ido ba ya gani. A cire kwamfutar daga asusun Microsoft na kamfani da shafin riga-kafin bairos, in ba haka ba za ku ci gaba da biyan kuɗin lasisin na'urar da tuni ta zama ƙarfe. Lasisin Windows da ya zo da ita daga masana'anta yana binta duk inda ta je, amma na manhajar lissafi da makamantanta naku ne, a sake su a mayar kan sabuwa. In akwai MacBook, a fitar da ita daga asusun Apple na mai riƙe da ita, in ba haka ba wanda aka ba ba zai iya buɗe ta ba. A canja kalmomin sirrin da aka taɓa shiga da su a kan waɗanda suka ɓace, tun yau, wannan ba ya jiran ƙarshen bincike. Kada ki manta da babban injin fotokofi da akwatin kyamarorin tsaro in suna cikin kayan da za su fita, da yawansu suna da faifai a ciki.

Ɓangaren akanta gajere ne amma kada a tsallake shi. Yawanci rajista biyu ce a kamfani, taki ta kaya da tasa ta kuɗi, kuma ba sa gaisawa. Lamba ɗaya ya kamata ta haɗa su. Zai ce miki waɗannan ai darajarsu ta zama sifili a littafi. Sifili a littafi ba ya nufin kwamfutar ta daina zama mallakar kamfani, sai ranar da aka fitar da ita da takarda. A wajen haraji, dokar 2015 mai lamba 896 ta sa kwamfutoci a rukuni na ɗaya, ana rage kashi 40 cikin ɗari na abin da ya saura kowace shekara, kuma kuɗin da aka samu in an sayar yana shiga lissafin rukunin. Don haka ko sidi hamsin aka karɓa, a yanka rasit da sunan kamfani, lambar rasit ta hau layin kwamfutar.

Sai hanyoyin fita uku da Alhaji ya zaɓa. Ta ma'aikata ita ce mafi sauƙi kuma ita ta fi jawo gunaguni. A sa ƙa'ida a fili, ko ƙuri'a ko ɗan farashi guda ga kowa, kuma duk wanda ya karɓa ya sa hannu a takarda mai lambar siriyal cewa ta zama tasa. Kada a ce wa mutum "riƙe taka kawai" ba a goge ta ba don wai shi ke amfani da ita. Bayanan da ke ciki na kamfani ne, gobe kuma ƙaninsa ne zai ɗauka ya tafi da ita makaranta.

Sadakar makaranta kuwa, ina da magana a kai, kuma ki isar wa Alhaji ita da girmamawa. A zaɓi mafi kyawu a kai musu, ba waɗanda ma'aikata suka ƙi ba. Na shiga makarantu a zangonninmu na ga kwamfutocin sadaka jere a lungu an lulluɓe da tabarma, babu caja, batir ya kumbura har ya ɗaga madannai, malamai suna jin nauyin zubarwa don kyautar babban mutum ce. Wannan ba taimako ba ne, an mayar da sitonku can ne kawai. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma da yawan tsofaffin nan ba za su ɗauki Windows 11 ba saboda yana neman ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0 da sabon injin sarrafawa. Amma suna aiki sarai da Linux, irin Ubuntu ko Mint, kyauta ne kuma ya ishi yaro koyon rubutu da lissafi. A ɗora musu, a haɗa da caja, shugaban makarantar ya ba da wasiƙar karɓa mai ɗauke da lambobin.

'Yan kondem 'yan'uwanmu ne masu neman halal, da yawansu samari ne daga arewa da ke tura kura cikin rana tun safe. Ba na zarginsu da komai. Sai dai ba su da takardar da za su ba ki, kuma ba su san inda kayan za su kwana ba. Abin da ke da tagulla a ciki, ƙarshensa sau da yawa wuta ce, hayaƙin kuma ƙirjin yaran nan yake shiga. Rushe filin 'yan kondem na Agbogbloshie da aka yi a watan Yulin 2021 bai kashe sana'ar ba, ya watsa ta ne cikin unguwanni. A 2016 majalisa ta yi doka mai lamba 917 kan shara mai guba da ta kayan lantarki, wadda aka maye gurbinta da sabuwa a 2025, kuma Hukumar Kare Muhalli, EPA, ita ke ba masu sarrafa irin wannan shara izini. Ki nemi mai izinin, ki ga takardarsa da idonki, ki duba ranar ƙarewarta. Batura da tsofaffin allunan kallo na kwamfuta masu ƙoƙon baya, waɗanda gilashinsu ke da dalma, lallai ta nan za su bi. In Alhaji ya nace sai ya taimaki yaran unguwa, a ba su akwatunan ƙarfe bayan an cire faifai da batir, a rubuta abin da aka ba su da wanda ya shaida.

Ko mai izinin ma, kada ki karɓi takardar da ta ce "an karɓi kwamfuta 20" ko ta faɗi nauyin kilo kawai. Lamba-lamba za a jera, ki gwada da jerin da ya fita daga hannunki. A watan Satumban 2022 reshen bankin Morgan Stanley mai kula da dukiyar jama'a ya amince ya biya hukumar hannayen jari ta Amurka tarar dala miliyan 35 a kan wannan gaɓar. Sun ba kamfanin kwasar kaya, wanda bai san aikin lalata bayanai ba, dubban faifai da na'urori, ba su bi sawu ba, wasu suka ƙare a gwanjon intanet da bayanan mutane a ciki. Abin ya shafi kwastomomi kusan miliyan 15. Da suka zo daidaita rajistarsu a wani aikin sauya na'urori, sai suka tarar saba 42 babu su. Banki ne mai ma'aikata dubbai da manhajoji masu tsada. Abin da ya rasa shi ne mutumin da zai tsaya ya gwada jerin da ya fita da jerin da ya isa, kuma wannan Excel ɗinki ya isa ya yi shi.

Ranar fitar da kaya, a yi takardar fita kwafi biyu, mai gadi ya ƙirga da idonsa kafin a ɗora a aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya riƙe kwafi ɗaya. Ki canja matsayi a rajista a ranar, kafin ki tashi aiki, don abin da aka ce sai Litinin shi ne ya haifi 21 ɗin da kike nema yanzu. Wanda ya ba da izinin fitarwa kuma ya zama daban da mai riƙe da makulli, daban da mai rubutawa. Ba don ana zargin kowa ba, wannan tsarin ku ukun yake karewa.

Sababbin da Alhaji ya sayo, in har suna cikin kwali, kada a raba ko ɗaya sai kin ɗauki lambar kowace da ta faifanta, da lambar rasit, da ranar ƙarewar garanti, mai karɓa kuma ya sa hannu. Ki roƙi sashen ma'aikata su ƙara layi ɗaya a takardar sallama: ba a biyan kuɗin ƙarshe sai kin sa hannu cewa kayan kamfani sun dawo. Bayan wata uku ki zaɓi kwamfuta goma ba tare da sanarwa ba, ki je ki juya bayansu ki gwada da rajista. In masu odit suka dawo, ki ba su tsohon fayil yadda kika gaje shi, da sabon, da takardar da aka sa wa hannu kan waɗanda ba a gani ba, da takardun gogewa a jere bisa lambar siriyal. Allah Ya taimake ki, Ya sa Alhaji ya saurare ki.